DAGA YASHE ZUWA ZANZIBAR: TARIHIN WA MUKE ZUWA KALLO?

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, wata sabuwar al'ada ta shigo mana a 'yan shekarun nan, watau tafiya hutu ƙasashen waje. A zamanin iyayenmu idan aka ce mutumin ƙasar Katsina ya yi doguwar tafiya, to, ba ya wuce Makka ya nufa, ko fatauci, ko kuwa neman ilmi. Yanzu kuwa matashin da ya sami abin hannu, ko ango da amarya bayan an watse daga biki, sai a ji sun hau jirgi sun tafi shan iska, kuma sunan da ya fi yawo a bakin mutane shi ne Zanzibar. Waɗanda suka je suna komowa da hotuna a waya, ga farin rairayi, ga shuɗin ruwa, ga tsofaffin ƙofofi masu ƙusoshin tagulla. Mu da ba mu da halin zuwa muna kallo muna sa wa ranmu, in Allah Ya kai mu ga albashi, mu ma sai mun taka.

Ba mu ɗauki alƙalami don mu hana kowa tafiya ba. Tun tuni Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma addininmu ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa don mu ga yadda na gabanmu suka ƙare. Abin da muke so mu faɗa shi ne, wanda ya kashe dukiya ya ƙetare teku don ya kalli tarihin Zanzibar, alhali kuwa bai taɓa tsayawa a Durɓi ta Kusheyi ba, bai taɓa hawa Gobarau ba, bai kuma taɓa tambayar wani tsoho a garinsu yadda aka kafa garin ba, to, ya yi kallo ne kurum, bai fahimci abin da ya gani ba. Kuma idan al'umma ta cika da masu ilmi irin wannan, lalle nata tarihin ba zai daɗe ba.

ABIN DA KE ZANZIBAR

Bari mu fara da ba wa tsibiran haƙƙinsu, domin wuri ne da ya cancanci a je. Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba, kuma jirgin ruwa mai sauri yakan ɗauki kamar awa 2 daga Darussalam zuwa Unguja. Ƙidayar 2022 ta sami mutane kusan miliyan 1.9 a cikinsu, mafi yawansu ƙwarai Musulmi ne. Iska ce ta gina arzikinsu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi takan koro jiragen katako daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya, sa'an nan idan ta juya ta zama kusi sai ta mayar da su gida. Tsakanin zuwan iska da juyawarta fatake sukan zauna watanni, su yi ciniki, su yi aure, su haifu. Daga wannan cuɗanya da mutanen gaɓar Afirka al'adar Sawahili ta fito. A Kizimkazi, kudancin Unguja, akwai masallacin da rubutun da ke jikin alƙiblarsa ya nuna shekara ta 500 bayan Hijira, watau 1107.

Turawan Fotugal sun riƙe wurin kusan shekara 200, har Larabawan Oman suka kore su a 1698. Sarki Sayyid Sa'id ya taso da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, ya cika tsibiran da gonakin kanumfari, irin wanda iyayenmu mata ke sa wa a kunu da yaji. Ingila ta ɗora hannunta a 1890, kuma ran 27 ga Agusta 1896 jiragen yaƙinta suka yi wa fadar sarki ruwan wuta, yaƙin da bai cika awa guda ba. An ba su mulkin kai a Disamba 1963, aka yi juyin juya hali ran 12 ga Janairu 1964 wanda ya kawar da sarauta ya kuma ci rayukan mutane da yawa, sa'an nan a Afrilun shekarar suka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya.

Bahaushen da ya shiga tsohon garin, wanda su suke kira Mji Mkongwe, ba zai ji shi baƙo sosai ba. Lunguna ne matsattsu kamar na cikin birnin Katsina, ga dakali a ƙofar kowane gida inda dattawa ke zama da yamma, ga kiran salla ta kowace kusurwa, ga yara da alluna da littattafai. Ko harshen ma idan ya kasa kunne zai ji kamar ya san shi. Suna cewa dunia mu muna cewa duniya, suna cewa habari mu labari, suna cewa kalamu mu alƙalami, suna cewa hatari mu haɗari, suna cewa asubuhi mu asuba. Dukanmu daga Larabci muka aro, dukanmu kuma mun rubuta waƙoƙinmu da ajami kafin Turawa su kawo boko. Yadda aka ɗauki Hausar Kano aka daidaita rubutu a kanta, haka aka ɗauki Sawahilin Unguja wajen 1930 aka mai da shi ma'auni. Su teku ce ta kawo musu duniya, mu kuma Sahara ce, raƙumi ya yi mana aikin da jirgin ruwa ya yi musu.

To, ga inda muka rabu. Gidajen tsohon garin nan da dutsen teku da farar ƙasa aka gina su, kuma bayan juyin juya halin 1964 da masu su suka gudu, sun fara rushewa kamar yadda namu ke rushewa. Sai gwamnatin tsibiran ta kafa hukumar kula da tsohon garin a 1985, aka yi mata doka a 1994, aka hana kowa rushe gini ko canza fuskarsa yadda ya ga dama. Gidauniyar Aga Khan ta gyara tsohon asibitin bakin teku da lambun Forodhani. A shekara ta 2000 hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A 2023 baƙin da suka ziyarci tsibiran sun haura 600,000. Wannan jama'a ba rairayi kaɗai ya kawo ta ba, gama rairayin bakin teku yana ko'ina. An tsaya ne an ƙirga ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, an rubuta tarihin gidaje, an horar da samarin da za su yi wa baƙo bayani.

ABIN DA HOTO BA YA NUNAWA

Amma kada mu ruɗu, mu ɗauka kome na can zinariya ne. Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda shi ne abin alfaharin garin, wani ɓangarensa ya rufta ran 25 ga Disamba 2020 ana cikin gyaransa, har aka yi asarar rayuka. Ashe sunan UNESCO kaɗai ba ya riƙe gini. Manyan otal-otal na gaɓar arewa da gabas, su Nungwi da Kiwengwa, da yawansu na baƙi ne, ribar kuma waje take fita. An daɗe ana kuka cewa ruwan da ɗaki ɗaya na otal ke sha a yini ya ninka na gidan talaka sau da yawa, a tsibirin da rijiyoyinsa ke gishiri in an ja su fiye da kima. Masunta sun wayi gari gaɓar da kakanninsu ke shanya koma an kewaye ta da katanga. A 2021 sai da gwamnatin tsibiran ta fitar da gargaɗi da barazanar tara saboda yadda baƙi ke yawo tsirara-tsirara a cikin garin Musulmi.

Akwai kuma wata hasara da ta fi waɗannan wuyar gani. Idan al'ada ta zama haja, takan canza kama don ta gamshi mai saye. Bikin Mwaka Kogwa da ake yi a Makunduchi cikin Yuli, inda maza ke bugun juna da ganyen ayaba don a wanke gabar shekara, da kiɗan tarab wanda Siti binti Sa'ad ta fitar da sunansa tun da aka ɗauki muryarta a faifai a Bombai a 1928, duk abubuwa ne da mutanen wurin suka yi don kansu. Ranar da aka fara tsara su don su dace da lokacin cin abincin baƙi, ranar suka fara zama wasan kwaikwayo. Wannan darasi ne gare mu, mu da ke murna UNESCO ta karɓi bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallar Kano a 2024. Karɓar abin farin ciki ce, amma hawan da aka yi don mai kyamara daban yake da hawan da talakawa suka fito don su ga sarkinsu.

Sa'an nan mu dubi aljihunmu. Tun daga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya biya dala 44 kuɗin inshora. A canjin ƙarshen 2024, kuɗin nan sun yi kusan daidai da mafi ƙanƙantar albashin ma'aikacin Nijeriya na wata guda, watau naira 70,000, tun ba a zo maganar jirgi da masauki ba. Ƙaramin ma'aikacin da ya sa wa ransa dole sai ya je don a gan shi a hoto, alhali albashinsa bai kai ba, mun san inda zai nemo cikon. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma irin wannan wahala ba shi kaɗai take ci ba, har da mai fayil ɗin da ke kan teburinsa.

ABIN DA MUKE WUCEWA A MOTA

Yanzu mu komo gida. Yashe tana bakin hanyar Kano zuwa Katsina, a ƙaramar hukumar Kusada, nan ne kuma hanyar da ta taso daga Funtuwa da Malumfashi ke haɗuwa da ita. Kowace rana ɗaruruwan motoci na ratsawa, kuma ɗalibin da ke karatu a Kano ko Zariya ko Katsina ya san wurin, ko don tsayawar direba a sha ruwa. Wanda ya tashi daga Yashe da safe ya bi ta Kankiya da Caranci da Rimi, kafin hantsi ya dubi ludayi yana cikin birnin Katsina, kuma kafin azahar yana iya kaiwa ƙasar Mani. Mu tambayi kanmu, cikin ajinmu mutum nawa ne suka taɓa yin wannan 'yar tafiya da niyyar ganin tarihi?

A ƙasar Mani ne Durɓi ta Kusheyi take, gabas da birnin Katsina. Tuddai ne na kaburburan sarakunan farko, waɗanda labarin baka ke haɗa su da zuriyar Durɓawa da suka yi mulki kafin Muhammadu Korau. Baturen mulki Palmer ya tona wasu a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, abin da ya haƙo kuwa ya salwanta. A 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya suka tona tuddai 3. Sun sami mutum ɗaya a kowane, tare da kayan zinariya, da mundaye na tagulla da na hauren giwa, da duwatsun ado, da wuri, da tasoshin ƙarfe waɗanda aka ƙera a ƙasashen Musulmi na gabas. Awon da aka yi ya nuna kaburburan suna tsakanin ƙarni na 13 da na 16. An kai kayan birnin Mainz na Jamus a 2007 don a gyara su, aka baje su ga jama'a a can a 2011, aka maido su Nijeriya a 2014.

Mu tsaya mu yi tunani a kan wurin nan kaɗai. Irin wurin da kakanninmu suka yi kuɗi da shi, asalinsa daga Tekun Indiya yake, musamman tsibiran Maldibs. Watau tekun da muke biyan miliyoyi don mu je mu gani, kayanta sun riga mu zuwa ƙasar Katsina da ɗaruruwan shekaru, suna kwance a kabarin sarkinmu. Mutanen Mainz sun kalle su. Ɗan Kusada da ɗan Ingawa da ɗan Bindawa, waɗanda kayan kakanninsu ne, yawancinsu ko labari ba su ji ba.

Cikin birni kuma ga hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Korau a ƙarni na 15, lokacin da malamai irin su Almagili ke ratsa ƙasar Hausa, Imam Suyuɗi kuma ke aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Masar. Ga kushewar Ɗan Marina da ta Ɗan Masani, manyan malaman ƙarni na 17. Daga ƙasar nan ne Muhammadu Alkatsinawi ya fita, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, littattafansa na nan a ɗakunan karatu na duniya. Baturen Jamus Barth da ya zo a 1851 ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin mil 13 zuwa 14. Yau sai an nuna wa mutum inda ta bi. An ɗebe ƙasarta an yi tubali, an yanka gurbinta filaye, wasu ƙofofin kuma an sake su da siminti har wanda ya gina su ba zai gane su ba. Ga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, inda Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, wanda yanzu gidan tarihi ne. Ga rijiyar Kusugu a Daura. Ga Maraɗi a ƙetaren iyaka, inda sarakunan Haɓe suka kafa sabon gari bayan jihadi ya ba Ummarun Dallaje birnin a 1807, har yau kuma sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa. Rabin labarinmu yana can.

Ba kuma sai birni ba. Duk inda ka ga kukoki sun taru a daji babu gida kusa, to, kufai ne, mutane sun zauna a wurin. Ƙauyukanmu na Kankiya da Kusada cike suke da irin wannan: gurbin ganuwa da garmar shanu ke cinyewa kowace damina, karofin da aka cike da shara, kashin tama inda maƙera suka narka ƙarfe, tsofaffin rijiyoyin da fatake suka sha, da kundayen ajami da gara ke ci a cikin adaka. Maƙwabciyarmu Musawa ta haifi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ta kuma haifi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005. Littafinsa a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, da aka buga a 1981, bai rubuta shi daga kan kujera ba, sai da ya bi garuruwa ya zauna gaban tsofaffi. Tsofaffin nan sun tafi. Waɗanda suka ji daga bakinsu su ne ke tafiya yanzu, ɗaya bayan ɗaya.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba duka ne maganar banza ba. Na farko, za a ce wane baƙo ne zai zo ƙasar da ake satar mutane? Gaskiya ne. Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020 duniya ta san halin da muke ciki, kuma masifar da ta fara daga su Batsari da Safana da Jibiya ta taɓa har Musawa da Matazu da Kankiya. Duk wanda ya yi mana alkawarin jiragen 'yan yawon buɗe ido cikin wannan hali yaudararmu yake yi. Amma mu ba don baƙo muke cewa a adana tarihi ba. Hasali ma rashin tsaron shi ya sa abin ya zama na gaggawa, gama ƙauyen da aka tasa ba gonaki da shanu kaɗai ya rasa ba. Tsohon da ya san sunayen masu garin tun na farko yana can a raɓe a gidan wani a birni, in ya mutu an rufe littafin ke nan.

Na biyu, za a ce su da dutse suka yi gini, mu da ƙasa, ƙasa kuwa ba ta jure ruwa. Wanda ya faɗi haka bai je Agadas ba. Hasumiyar masallacinta ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, asalinta tun ƙarni na 16, kuma UNESCO ta karɓi tsohon garin a 2013. A Jenne ta ƙasar Mali jama'ar gari ke fitowa kowace shekara su yaɓe masallacinsu. Masallacin Juma'ar Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shaida ne ga abin da tubali da azara za su iya. Ginin ƙasa yana so ne a riƙa yi masa yaɓe da makuba, a gyara indararo kafin damina. Abin da ya kashe gine-ginenmu shi ne ranar da muka fara jin kunyarsu, muka bar 'ya'yan magina suka koma leburancin bulo. Nijeriya da girmanta wurare 2 kacal take da su a jerin UNESCO, Sukur a 1999 da dajin Oshun na Oshogbo a 2005. Ganuwar Kano tun 2007 take jiran layi, tana kuwa ƙarewa tana jira.

Na uku, wasu za su ce tonon kaburburan mutanen da da kula da kufai yana kusa da girmama abin da addini ya hana. Wannan magana muna sauraronta da ladabi. Amsarmu ita ce, sanin abu daban, bauta masa daban. Malamanmu na jihadi su ne suka fi kowa rubuta tarihi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta labarin ƙasashen nan har da zamanin da ba su musulunta ba. Mutanen Zanzibar ba su fi mu sakaci da salla ba, kuma adana tsohon garinsu bai rage musu imani ba.

Akwai uzuri na huɗu wanda ba a faɗinsa a fili, shi ne tsoron abin da za a tono. A Zanzibar baƙo yakan je inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a gurbinta, a nuna masa gumakan mutane da sarƙa a wuya, a kuma nuna masa gidan Tippu Tip, babban dillalin bayi da hauren giwa wanda ya mutu a 1905. Ba su ɓoye ba, ko da yake har yau suna gardama a kan yadda ake ba da labarin. Mu fa? Kasuwanninmu sun sayar da mutane, manyanmu sun mallaki rumada, ayarin da ya kai fata da turkuɗi Arewacin Afirka ya kai 'yan Adam, kuma sai a 1936 doka ta kashe bauta baki ɗaya a Arewa. Tarihin da za mu adana dole ya haɗa da wannan. In kirarin sarakuna kaɗai za mu tara, to, maroƙa sun riga mu, kuma sun fi mu iyawa.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba ma'aikatar da muke roƙo ta gina otal a Yashe. Abin da muke nema ƙarami ne, kuma yana hannunmu. Ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomi da muke da su a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Dutsin-Ma, da Bayero, da Ahmadu Bello, kuɗin da suke kashewa a liyafar ƙarshen shekara guda ya isa ya ɗauki mota biyu zuwa Gobarau da gidan tarihi da Durɓi ta Kusheyi, bayan an nemi shawarar hukuma a kan lafiyar hanya. Kowane ɗayanmu yana da wayar da ke ɗaukar murya. A hutun nan mai zuwa kowa ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a garinsu, ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya ce, “Baba, ina kakanninmu suka fito? Wa ya fara saran dajin nan? Ina kasuwa take a da? Wace yunwa kuka ji labari?” Ya rubuta sunan mai magana da ranar da aka yi ta, ya kai kwafi sashen tarihi ko na Hausa. Kada a manta da mata, gama waƙoƙin daka da na niƙa da labarin aure da zumunci a wurinsu suke. Wanda ke Kaduna ya leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa ya nemi rahotannin gundumomi da Turawan mulki suka rubuta, ya gwada su da abin da tsofaffi suka faɗa, ya ga inda Bature ya yi daidai da inda aka ruɗe shi.

Ku kuma yayyenmu da kuka kama aiki, abin ya fi rataya a wuyanku. Ganuwa ba aljani ke yanka ta filaye ba, takarda ce ke bi ta ofis, akwai hannun da ke sa mata hatimi. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa tana nan tun 1979, kuma Jihar Katsina tana da tata hukumar tarihi da al'adu. Mai awon fili yana iya sa alama a taswira inda kufai yake. Injiniyan hanya yana iya karkatar da lambatu taku kaɗan don ya bar tsohuwar rijiya. Malamin makaranta, yanzu da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da darasin tarihi a 2022 bayan an cire shi shekaru da dama, yana iya fita da ajinsa bayan gari ya nuna musu gurbin ganuwa maimakon ya karanta musu labarin wata ƙasa kaɗai. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kasafin kuɗi.

Wanda kuma Allah Ya hore wa, da halalinsa, ya je Zanzibar, muna masa fatan sauka lafiya. Amma ya je da tambayoyi a bakinsa. Ya nemi ofishin hukumar tsohon garin ya ji yadda ake ba da izinin gyaran gida. Ya tambayi masassaƙin ƙofa wa ya koya masa, kuma nawa yake samu. Ya tambayi masunci abin da otal ya ƙara masa da abin da ya rage masa. Ya suturta jikinsa, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, ya tuna cewa garin wasu ne ya shiga. In ya komo ya rubuto mana abin da ya gano a wannan mujalla, mu ƙaru.

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mutanen Unguja sun tona nasu, sun sami riba sun kuma sami matsala, mu da muke bayansu muna da damar mu ɗauki ribar mu kauce wa matsalar. Abin da ba mu da shi shi ne lokaci, domin kowace damina tana cin ganuwa, kowace shekara kuma tana ɗauke tsofaffi. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa mu zama masu amfani ga garuruwan da suka haife mu, amin.